Kujerar Lawandi da Waƙar Koriya

Yau kwana arba'in ke nan babu Lawandi a rumfar Garzali. Kujerar na nan, sifikar na nan, mu ma muna nan, amma babu mai katse waƙa a tsakiya ya ce, "Tsaya, tsaya! Wannan ai ina da ta Indiyanta." Abokina ne tun muna yara. Na yi kukan har na gaji, don haka bari in ba ku labarin da shi kansa in ya tuna sai ya riƙe ciki don dariya.

Lawandi facin taya yake yi a bakin tashar Malumfashi. Bai taɓa wuce Kaduna ba, amma in ana maganar waƙa, duniya kaf a aljihun gaban rigarsa take. Ka kunna ta Larabawa, ya ce ya san kakarta. Ka kunna ta mutanen Mali, ya ce tun bara ya gaji da ita.

Garzali kuwa shi ke tura wa mutane waƙoƙi a waya. Duk Asabar bayan la'asar mukan taru a rumfarsa, kowa ya kunna abin da yake saurare a makon. Amma babbar gasarmu ita ce farautar juyi. Waƙa in ta yi tashe, sai ka ji wasu can a wata ƙasa sun ɗauki kiɗan sun rera da yarensu. Duk wanda ya kawo juyin da ba mu taɓa ji ba, shi ke hawa kujera. Tsohuwar kujerar gaban bas ce mai soso, an ɗora ta kan bulo biyu. Mai kujera shi ke zaɓen abin da za a kunna, shi ake fara miƙa wa shayi. Sauran jama'a sai benci.

Mako goma sha ɗaya Lawandi na kan kujerar nan, har soson ya ɗauki siffarsa. Kwatsam sai ga Hashimu tela, wanda ƙaninsa ke aiki a Sudan yana turo masa kaya. Asabar ta farko ya kawo juyin Larabci. Ta biyu ya kawo na Habashawa. Ta uku ma bai yi wata wahala ba. Lawandi ya koma ƙarshen benci, wajen ƙusar da ke yaga wando, yana kallon tela na kaɗa ƙafa a kan kujerarsa. Shayin ma sai ya huce yake isowa gare shi.

A Asabar ta ukun nan ne Hashimu ya kunna sabuwar waƙar wani mawaƙin garinmu, Shafi'u Ɗan Marke. Makonta biyu da fitowa, amma ko'ina ita ce, daga masu acaɓa har gidajen biki.

Hashimu ya ce, "Wannan dai tamu ce, ba wanda ya taɓa ta tukuna."

Lawandi ya yi tsaki. "Ta tsufa. Tuni aka juya ta a waje."

"Kai, Lawandi! Mako biyu?"

"Ku da ba ku fita, me kuka sani?"

"To da wane yare?"

Nan Lawandi ya yi wuf ya duba fuskoki. In ya ce Indiyanci, rabin rumfar fim ya koya musu. In ya ce Larabci, ga Hashimu da ƙaninsa. In ya ce Faransanci, ga Tanimu direban Maraɗi zaune yana ɓare gyaɗa. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Koriya."

Muka dubi juna.

Hashimu ya gyara zama. "Ka kawo ta ranar Asabar, kujera taka ce har Babbar Sallah. In ba ka kawo ba, benci har Babbar Sallah, kuma in waƙa na tashi bakinka a rufe."

Bencin da sauƙi. Rufe bakin nan shi ne mutuwar tsaye ga Lawandi. Amma maganar ta riga ta fita. Ya miƙa hannu suka tafa.

Kwana uku yana laluben waya, har ɗan yatsansa ya yi kanta. Babu Koriya, babu dalilinta. Ranar Laraba ya je sutudiyon da aka buga waƙar, ya lallaɓa aka ba shi kiɗan zalla, wai 'yarsa Zulai za su yi wasa a makaranta. Ranar Alhamis da hantsi ya rufe wajen faci ya koma gida.

Ya ari wayar matarsa Atine ya sa kiɗan, tasa kuma ya sa ta ɗauka. Gwajin farko, da ya saurara, Lawandi ne sak, ko kurma zai gane. Ya ɗauko abin maƙale shanya ya datse hanci. Murya ta siranta, amma babu amon nan na sutudiyo. Ya waiga, ya waiga, sai idonsa ya faɗa kan babbar randar tsakar gida, ga ta babu ruwa. Ya durƙusa, ya zura waya, ya zura kai har kafaɗa, ya saki murya.

Kai! Shi kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya riƙa ƙera kalmomin da babu su a bakin kowace al'umma, yana jan su, yana karya su, yana ƙarasawa da ajiyar zuciya. Sau bakwai ya ɗauka. Ta bakwai ta fito tas, babu tari, babu kukan kaza. Sauran shidan kuwa ya kasa goge su, don muryar ta yi masa daɗi.

Ranar Asabar ya iso da sabuwar hula. Ya miƙa wa Garzali waya kamar mai miƙa takardar gida. "Ta saman nan. Ka bi ta a hankali, daga nesa ta zo."

Kiɗa ya tashi. Kiɗan Shafi'u ne, babu tantama. Sai ga wata siririyar murya mai amo ta shigo. Tanimu ya bar gyaɗa a hannu. Garzali ya saki baki.

Lawandi ya lumshe ido ya fara fassara. "Nan yana cewa zuciyarsa ta yi nauyi. Nan kuma dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan masoyiyar. Kun ji yadda muryar ke amsawa? Sutudiyonsu a ƙarƙashin ƙasa yake."

Hashimu ya saurara har ƙarshe. Mutum ne mai gaskiya. Ya tashi ya kakkaɓe soson da hannunsa ya ce, "Bismillah, maigida. Na sallama."

Lawandi ya zauna a hankali, ya miƙe ƙafa, ya karɓi shayi mai tururi. Da ya tsaya nan, da har yau muna cewa Koriyawa sun juya waƙar Shafi'u. Amma ina!

"Garzali, maimaita ta. Ka juya sifikar nan ta kalli tasha, ka ƙure murya. Bari mutanen gari su san an san mu a duniya."

Garzali ya juya sifika, ya ƙure. Sai dai maimakon ya danna komawa sau ɗaya, ɗoki ya sa ya danna sau biyu. Waya ta faɗa kan ɗauka ta shida.

Kiɗa ya tashi, murya ta shigo, fasinjoji suka fara leƙowa ta tagogin mota. Can sai aka ji, "Meeee!"

Tanimu ya ce, "Akuya?"

Gumi ya tsatso wa Lawandi, amma bai motsa ba. "Su ma suna kiwo. Salo ne."

Sai aka ji ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa, ƙwan-ƙwan-ƙwan, da muryar namiji: "Ga ruwa!"

Hashimu ya karkata kai. "Maigida, su ma 'ga ruwa' suke cewa?"

Lawandi ya yi zumbur zai fizge waya, shayi ya kife masa a cinya. Kafin ya kai hannu, muryar Atine ta cika tashar Malumfashi, tangaran:

"Baban Zulai! Don girman Allah ka cire kanka daga randar nan, mai ruwa na jira! Kuma ka ba ni abin shanyata!"

Daga nan sai siririyar muryar nan ta Koriya, da amonta da komai, ta amsa da Hausa tsantsa:

"Ke Atine, ki rabu da ni! Ba ki ga ina Koriya ba?"

Wayyo! Tanimu ya faɗo daga benci tim. Garzali ya kifa kai a kan tebur yana dukan katako. Wani kwandasta ya saki ƙofar mota ya durƙusa. Hashimu hawaye shaɓe-shaɓe, da ƙyar ya iya cewa, "Sannu da hanya, maigida. Ya ka baro mutanen randa?"

Lawandi ya tsaya da jiƙaƙƙen wando, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara hula ya ce, "Amma dai tsakaninku da Allah, muryar ba ta yi ba?"

Har Babbar Sallah yana ƙarshen benci, baki a rufe, yana ta mutsu-mutsu kamar mai jin fitsari. Direba kuwa in ya kawo taya sai ya leƙa ya ce, "Mai faci na nan, ko yana Koriya?"

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi. Bayan sadakar bakwai Atine ta aiko a tambayi Garzali ko yana da waƙar nan, don ba ta da muryarsa a ko'ina. Ba ta bakwai mai kyau take so ba, ta shidan take so, wadda ya amsa mata. Ashe tun ranar nan Garzali ya kwafe su kafin Lawandi ya goge nasa. Ya tura mata, ya tura mana duka. Hashimu kuwa tun ranar jana'iza bai sake hawa kujerar ba, kowa ma bai hau ba.

Ku taya mu da addu'a. Allah ya jiƙan Lawandi, ya yafe masa kurakuransa da cika bakinsa, ya raya Zulai, ya ba Atine haƙuri, ya saukar da shi a inda ya fi Koriya nesa ba kusa ba. Ku ce amin.