Gaisuwar da Ta Cinye Mini Labari

Wautar da na tafka a daminar bara, ko ni na so mantawa, mutanen Kibiya ba za su bar ni ba.

Tun gemuna yana baƙi ni ne mai ba da dariya a majalisarmu ta bakin kasuwa. In na ɗauko labari, mai shayi ma sai ya bar ruwa ya ƙafe. Sai ga wayoyin nan. Ina tsakiyar magana sai in ji an kwashe da dariya, in gyara zama ina jin daɗi, ashe wani mai tiƙar rawa suke kallo. Abin ya ci mini rai.

Na sami Sabi'u mai shagon cajin waya, na ce ni ma ya ɗauke ni bidiyo ya saka. Na sha babbar riga, na karkace hula, na zaɓi labarin ranar da wani bijimin sa ya kore ni har cikin masallaci a Durba (wannan labarin bai taɓa ba ni kunya ba).

"Baba, abin gajere ne fa. Da na ɗaga hannu ka shiga labari."

Na ce to. Amma ya ce har Kano za a gani, to ta yaya dattijo kamata zai faɗo wa jama'a ba gaisuwa? Na yi sallama. Na ce ina kwananku, na dakata su amsa. Ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, na sake dakatawa. Na tuna akwai Fulani, na tambayi shanu. Ina cikin yi wa marasa lafiya sannu Sabi'u ya sauke wayar.

"Ya ƙare, Baba."

"Bijimin ko fitowa bai yi ba."

"To, ya dai ƙare."

Ɗan banzan nan haka ya saka shi. Kafin Juma'a an gan ni a Rano, an gan ni a Rurum. 'Yan acaɓa in sun hango ni sai su ci birki, su ce, "Baba, ya shanu?" su yi tsit suna jiran amsa. Na dai koyi cewa waya ba ta amsa gaisuwa.

A wani suna na haɗu da taubashiyata, Hajiya Delu. Ta dube ni tana goge ido da bakin mayafi.

"Kai tsoho, tun muna yara kake ba mu labari. Ban taɓa dariya har da hawaye ba sai ranar da aka hana ka farawa."