Akwatin Kawu da Feda Mai Araha

Wani bawan Allah ne aka yi, makaɗin jita. Makaɗi dai a faɗarsa, don maƙwabtansa wani suna daban suke kiran abin da yake yi. Burinsa a duniya guda ɗaya ne: ya shiga ƙungiyar makaɗan da ke wasa a babban ɗakin taron unguwarsu, a ɗinka masa riga mai ƙyalli irin tasu, ya tsaya gefen mai ganga yana kaɗa kai.

Jitarsa ba laifi. Abin da ke ba shi kunya shi ne amfilifayar da ya gada wurin kawunsa, wani tsohon akwatin ƙara wa jita murya mai nauyin tsiya, fatar jikinsa duk ta ɗaye, kusurwa ɗaya an ɗaure ta da waya. In ka kunna shi sai ka jira ya yi ɗumi, wasu 'yan kwalabe a cikinsa su yi ja, sannan ya yarda ya yi magana. Da ka ɗan ƙara masa murya kuma sai ya kama gurnani. Gogan ya tabbata ciwon tsufa ne. Saboda haka kullum ƙasa-ƙasa yake kunna shi, ya toshe masa baki da filo, ya lulluɓe shi da bargo kamar mai zazzaɓi. Ko ƙofar gida bai taɓa fita da shi ba.

Ana nan sai mai jitar ƙungiyar ya yi ƙaura, gurbi ya samu. Gogan ko takalmi bai gama sawa ba ya isa wurin shugabansu.

"Shugaba, ranka ya daɗe, ga ni."

"Ga ka a matsayin wa?"

"Mai jita mana."

Shugaba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, ranar Asabar da yamma za mu gwada ku. Ku biyu ne, ɗaya za mu ɗauka. Amma ka ji da kyau, ba na son jita mai kukan sauro. Murya nake so irin ta amfilifayoyin da, mai kauri, mai ɗan karce kunne. Na san ba ka da irinsu, don yanzu sai a gidan masu hali. Ka nemi feda."

"Wace iri, ranka ya daɗe?"

"Ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa, ya kwaikwayi muryarsu. Akwai masu araha. Je ka tambaya."

Gogan ya zarce shagon kayan kiɗa. Mai shagon irin mutanen nan ne da za su sayar maka da inuwar bishiya ka tafi kana godiya. Ya jawo wata 'yar feda ja, ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa ta da jita, ya haɗa da amfilifayar shago, ya taka, ya kaɗa. Shago ya ɗauki gurnani har gilasai suna rawa.

Gogan ya dafe ƙirji. "Wayyo daɗi! Alhaji, ita ce! Ka ga ikon Allah, tsohon akwatina na gida ma haka yake kuka. Sai dai shi nasa na ciwo ne."

Mai shago ya ajiye jita a hankali. "Wane irin akwati?"

"Wani tarkace ne na Kawu. Sai ya yi ɗumi yake magana."

"Da 'yan kwalabe a ciki?"

"Kamar ka gani! Har ja suke yi."

"Ash! Allah sarki." Mai shago ya girgiza kai, ya haɗiyi yawu. "Ya ci ƙarfinsa ke nan. Irin wannan ajiye shi a gida ma haɗari ne, ga iyali. Amma da yake na ga kai mutumin kirki ne, kawo shi nan in rage maka kaya, ka ɗauki fedar. Har batir zan ƙara maka."

"Alhaji, ba za ka cutu ba?"

"Bar ni in cutu. Don zumunci."

Gogan ya ga tsintar dami a kala. Kafin Alhaji ya canja ra'ayi ya ruga gida, ya kinkimo akwatin Kawu a ka, wuyansa na ƙara, ya dire a shago. Ya saka feda a aljihu ya fito yana waige, tausayin mai shago duk ya cika shi.

Da ya isa gida ya share tsakar ɗaki, ya kira matarsa. "Zo ki zauna. Yau za ki san wa kika aura."

Ta zo da tsintsiya a hannu ta zauna bakin gado. Ya haɗa jita da feda, ya gyara tsayuwa, ya taka. 'Yar fitila ja ta kama. Ya kaɗa da ƙarfinsa. Tsirin-tsirin, ka ji ƙarar tsirkiya, iyakarta ke nan.

"An fara?" in ji matar.

"Tsaya, ɗumi take yi."

Suka jira. Ya sake takawa, fitila ta mutu. Ya taka, ta kama. Ya taka da dama, ya taka da hagu, ya cire takalmi ya taka, ya hau da ƙafa biyu. Ya durƙusa ya kara kunnensa a jikinta. Shiru kake ji.

"Maigida, wai ta ina muryar za ta fito? Ni ban ga baki a jikinta ba."

"Ke, wannan fasaha ce. Ba a gane ta da ido."

"To ina akwatin Kawu?"

"Na rabu da shi."

Ta miƙe ta ci gaba da shararta. "Ka saki reshe ka kama ganye. Amma ni dai na gode wa Allah, bargona ya dawo."

Washegari gogan ya koma shago a fusace. Yana shiga ya hango akwatin Kawu a kan kanta, an goge shi, an shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi kamar baƙon da ya zo daga nesa. Bai ko kula ba, ya dangwarar da feda.

"Alhaji, bebiya ka ba ni!"

"Subhanallahi. Da wace amfilifaya ka haɗa ta?"

"Amfilifaya kuma? Ba ita ce amfilifayar ba?"

"Haba malam. Ita kwaikwayo kawai ta iya. Sai ka ba ta aron baki."

"To ba ni aron na Kawu zuwa Asabar."

"Kash, ka makara. Wani ya riga ya kama hayarsa ranar Asabar ɗin."

Gogan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wannan mara lafiyar? Kai, duniya ba ta rabo da wawaye!"

Ya fita neman baki. Ya gwada rediyon matarsa, ba ramin da waya za ta shiga. Ya je wurin mai kunna kiɗan biki, aka ce kayansa sun tafi aiki. Daga ƙarshe ya faɗa wurin maƙwabcinsa mai tallan maganin ƙwari, wanda ke yawo da lasifika a kan baro. Maƙwabci ya yarda, amma ya ja masa kunne.

"Ga ramin makirfo nan, nan za ka soka wayarka. Ka kula kada ta zare. In ta zare, tallana yana ciki, da kansa yake tashi."

"Haba maƙwabci, yau na fara harkar waya?"

Ranar Asabar da yamma gogan ya turo baro har cikin ɗakin taro, an yi wanka an fesa turare. Makaɗa suna zaune, mai ganga yana juya sanda a yatsa, mai fiyano yana hamma. Shugaba ya dubi baron, ya dubi gogan, ya ce ba komai, a fara.

Gogan ya murɗe duk maɓallan feda har ƙarshe, don a ganinsa abin da ka mallaka ba ka yi masa rowa. Ya taka, ya kaɗa. Abin da ya fito daga lasifikar nan ba gurnani ba ne, kuka ne irin na akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya. Mai fiyano ya haɗiye sauran hammarsa. Wata mai goge kujeru ta saki tsumma ta yi waje tana salati.

Shi kuwa gogan daɗi ya kai masa karo. Ya rufe ido, ya karkace baki, ya durƙusa ya miƙe, yana taka feda yana sakewa kamar mai ɗinki da keke. Shugaba yana ɗaga hannu a tsaya, ina, wanda ya rufe ido ina zai gani? Can gogan ya yi wani tsalle ya juya, ƙafarsa ta harɗe waya, ta zare fit. Lasifika ta yi gyaran murya ta cika ɗakin:

"Ina masu kyankyaso! Ina masu kuɗin cizo! Ga magani ya zo, sha yanzu mutu yanzu!"

Mai ganga, da yake ɗan duniya ne, sai ya ɗauki kiɗa ya bi tallan. Mai fiyano ya shiga. Ɗaki ya kaure da dariya, Shugaba har da share hawaye da hularsa. Gogan ya buɗe ido ya ga kowa baki har kunne, sai ya rusuna ya ce, "Na gode, na gode. Kaɗan ma kuka gani."

"Ya isa haka," in ji Shugaba da ƙyar. "Koma gefe. Ina na biyun?"

Sai ga wani siririn mutum ya shigo, shi da ɗan dako suna nishi, sun ɗauko akwatin Kawu. Gogan ya taɓa mai ganga da gwiwar hannu yana ƙunshe dariya. "Ashe wannan ne wawan. Ku shirya, sai an nemo masa bargo."

Siriri ya kunna, ya jira kwalabe suka yi ja, ya murɗa murya sama, wurin da gogan bai taɓa kaiwa ba. Ya kaɗa sau ɗaya. Wata murya ta fito mai kauri, mai ɗumi, mai ɗan karce kunne, ta ratsa ƙirjin kowa. Mai goge kujeru ta dawo ta tsaya bakin ƙofa. Shugaba ya lumshe ido. Ba a kai ƙarshen waƙar ba ya ce a kira tela ya auna siriri.

Gogan ya yi tsalle ya faɗo tsakiya. "Shugaba, wallahi ban yarda ba! Akwatin kawuna ne wannan! A ɗakina ya tsufa!"

Kiɗa ya tsaya cak. Shugaba ya taso a hankali.

"Naka ne?"

"Gadona ne!"

"Kana da wannan a ɗaki, ka bayar, ka karɓo mai kwaikwayonsa?"

"A'a, ranka ya daɗe, kada ya ruɗe ku! Da yana hannuna bai iya komai ba. Kwana biyun nan da ya yi a shago cikin fedoji ne ya koyi kwaikwayonsu!"