Na Je Kusada da Tsohuwar Nasara

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Lawal ba, kuma ko na so in manta, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mani kyauta.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kankiya, kuma ina cikin 'yan tsirarun da Allah ya jarabta da son ƙwallon kwando a garin da kowa ƙwallon ƙafa ya sani. Ƙungiyarmu sunanta Walƙiya. Shekaru ke nan muna shan kashi, gida da waje, rani da damina, har na daina jin zafin abin. Abin da ke tafasa mani jini shi ne shafin ƙungiyar na Fesbuk.

Mai riƙe da shafin wani ne da ke sayar da caja da rigunan waya a bakin tasha, kowa Admin yake ce mashi. Wannan bawan Allah bai taɓa rubuta cewa an ci mu ba. In aka lallasa mu, sai ka ga hoton 'yan wasa sun ɗaga hannu suna addu'a, a ƙasa an rubuta "Tafiya ta yi nisa." In aka yi mana kaca-kaca, sai ya taya kyaftin murnar zagayowar ranar haihuwa. Akwai ranar da wasu yara daga Katsina suka mayar da mu abin tausayi, shi kuwa ya sa hoton sababbin safa. (Safa fa, jama'a, ta ƙafa.) Na sha rubuta mashi sharhi da gabatarwa da gundari da kammalawa, amsar kullum ɗaya ce: ɗan hoton jar zuciya, da "Mun gode da ƙauna, Malam." A ƙarƙashin hoton safar nan na sanar da duniya cewa ƙafata ba za ta sake taka filin ba sai sun ci wasa, na kuma fice daga zauren magoya baya na Wasaf.

Shi kuwa Lawal ɗan kawuna ne, taubashina, ma'aikaci a sakatariyar Kusada. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando "bawana" yake ce mani. Sai aka sa wasanmu da yaran Kusada ranar Asabar a filinmu, sunan ɗansa kuma Lahadi. Ya kira ni a waya.

"Bawana, mu yi sharaɗi. In kun ci, ni da bakina zan faɗa gaban dattawa cewa kai ne ubangidana. In mun ci, kai za ka zagaya da buta kana wanke wa baƙi hannu."

Na ce na yarda. (Mutumin da ƙungiyarshi ba ta cin wasa bai kamata ya yarda da komai ba, amma shekara da shekaru ina jiran ranar da kalmar nan za ta fito daga bakin Lawal.)

Ranar Asabar na zauna a gida kamar yadda na alkawarta. Bayan magariba na buɗe shafin da niyyar in ga ko yau hoton takalma za a sa. Sai ga bidiyo. Lokaci na gab da ƙarewa, wani dogon yaro ya cilla ƙwallo daga tsakiyar fili, ta zagaya bakin kwando kamar mai shawara, ta faɗa. Jama'a suka ɓarke cikin fili. Ga yaran Kusada cikin korayen rigunansu sun sunkuyar da kai. A ƙasa an rubuta, "Wannan ita ce Walƙiya."

Na kalla, na sake kalla, har uwargida ta ce in ba zan ci tuwon ba in faɗa mata ta rufe. Na lura an kulle wurin sharhi, na ce don kada 'yan Kusada su zo su zubar da haushi ne. Na lura Lawal bai kira ba, na ce kunya ce. Ni da nake koya wa yara cewa kafin ka karɓi labari ka fara tambayar yaushe abin ya faru, ban tambayi kowa komai ba.

Da safe na zuba babbar riga mai sitaci, na ɗauki 'yar lasifikar da nake amfani da ita a aji, na hau babur sai Kusada. Na tarar an raɗa suna, an shafa fatiha, mutane sun cika tabarmi a ƙofar gidan Kawu ana jiran waina. Na gaishe da manya, na yi barka. Sannan na miƙe na gyara murya.

Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba. Na dai tuna na fara da cewa kowace daula tana da ranar faɗuwarta. Na ce Kusada ta yi zamaninta. Na ce wa kocinsu, wanda ke zaune yana ɓare goro, ya koma ƙauyen Kaikai ya kama noma tun damina ba ta wuce shi ba. Na kunna bidiyon, lasifika ta cika unguwa da ihu. Na juya wurin Lawal na ce, "To, ɗan kawu, ga dattawa. Faɗi."

Lawal ya gyara zama. Murmushi yake yi irin na wanda ya tsinci dami a kala. Kawu ne ya miƙo hannu.

"Kawo in gani, idona ba ya hango nesa."

Ya kanga wayar dab da hanci, ya daɗe yana kallo.

"Kai, wannan mai tsalle kamar ɗan akuya ba kai ba ne?"

"A'a, Kawu, ni ban je ba."

"To wa ya ari fuskarka? Ga ma hular da na ba ka da Sallah, wadda ka ce mani ta faɗi a mota bara waccan. Ashe ka gan ta?"

Na karɓi wayar. Ga ni nan a gefen dama, baki buɗe, gemu baƙi ƙirin ba furfura ko ɗaya, ina rungumar wani mutum da ban sani ba. Dogon yaron da ya jefa ƙwallon kuwa tuni ya gama makaranta ya bar garin, ni ma na sani. Wasan da muka ci su ne tun shekarun baya, wanda Admin ya tono don ya rufe abin da ya faru jiya.

"Bawana," in ji Lawal, a hankali kamar mai ta'aziyya, "ratar da muka ba ku jiya ta kusa shekarun Baba. Na ƙi kiranka ne don kada ka ƙi zuwa. Ga buta can."

Na naɗe hannun babbar riga na ɗauka. Tabarma bayan tabarma na bi. Kocin nan sai da ya wanke hannu har gwiwar hannu, yana tambayata ko na san inda ake samun irin gero mai kyau a Kaikai.

Ranar Litinin daga makaranta ban biya gida ba, sai bakin tasha. Na faɗa wa Admin cewa ƙungiyar da ba ta iya furta "an ci mu" ba za ta taɓa gyaruwa ba, kuma abin da yake yi ha'inci ne ko da da jar zuciya aka yi mashi ado. Ya saurare ni tsaf yana goge gilashin wata waya.

"Malam, ai ranar da aka sha kashi ita ce ranar da masoya suka fi buƙatar abin da zai sanyaya masu rai. Kai ma ai ka kwana da farin ciki."

Gaskiya kuwa na kwana da shi.

"Kuma mun gode," in ji shi, ya juyo mani da wayarshi. Ashe wani ya ɗauke ni a wurin sunan, tun daga faɗuwar dauloli har zuwa buta, ya turo mashi. Shi kuma ya ɗora a shafin, ya rubuta, "Masoyi na haƙiƙa ba ya karaya." A wannan karon ya bar wurin sharhi a buɗe. Ya ce tun da aka kafa ƙungiyar babu abin da ya taɓa kawo masu mabiya irin wannan.

Har yau Walƙiya ba ta ci wasa ba, kuma har yau ina binta, Allah ya yafe mani. Abin da na koya dai shi ne, duk ranar da shafinmu ya ba ni labari mai daɗi, sai na leƙa cikin taron na tabbatar ba na ciki kafin in yi murna.