Kwampreson da Na Yi wa Ƙazafi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kama ni ina yi wa kwampreso ƙazafi. Lokacin watana biyar a Maiduguri, ina gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ina kwana ni kaɗai a wani ɗaki a Gomari. Ban san kowa ba. Wata ranar in ka cire sallama da "an gama", ba na furta komai har in kwanta.

Sai aka kira ni Gwange, gidan wani dattijo, Baba Kyari, wai esinsa ya daina sanyi. Na ɗora mitar gwajin wuta a kan ƙafafu uku na kwampreson, wato injin da ke cikin esin, lafiya lau. Na gwada jikin ƙarfen, babu wutar da ke zurarewa. Kafasita ce kawai ta mutu, 'yar na'urar da ke tayar da kwampreson, aikin minti goma. Ina shirin faɗa sai ga tiren burabusko.

"Wushe da aiki, ɗana," in ji Baba Kyari, sannu ke nan da Barbarci. "Wanke hannu."

Mu shida a tabarma, ana ci ana tsokanar juna. Rabona da sa hannu a kwano ɗaya da wani tun barina gida. Da Baba ya tambayi abin da ya lalace, sai na ji bakina ya ce, "Kwampreson ne, sai an sake gwada shi gobe."

Kwana huɗu ina zarya (kullum dab da azahar, ban taɓa makara ba). In kwance murfi, in ɗora mita, in girgiza kai kamar likita. Shi kuwa bawan Allah yana kwana cikin zafin bazara.

Rana ta biyar, a gaban 'ya'yansa, ya miƙo hannu ya karɓi mitar. Ya gwada ƙafafun bibbiyu, ƙananan lambobi biyu suka haɗu suka ba da babbar daidai. Ashe shekara talatin ya yi yana aikin lantarki.

"Wannan kwampreson ya fi ni lafiya. Tun ranar farko na ga kafasitar ta kumbura. Canza ta mu samu barci, ɗana. Abinci kuma ba sai da jakar aiki ake zuwa cinsa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na canza, sanyi ya cika ɗakin, ni kuwa gumi nake sharcewa.

Gayyata ce ya yi min, na sani, amma kunya ta hana ni komawa, kuma har yau abin yana ci min rai. Na dai koyi darasi: in hira kake nema, yi sallama ka zauna. In kuma sai ka yi ƙarya, fara tambayar sana'ar maigida.