Ɗan Amshin Cindo

Duk wanda ya san marigayi Cindo Mai Kalangu ya san mutum ne mai sa dariya har hawaye, amma fa yana da taurin kai a wuri guda: ba ya yi wa wanda bai cancanta ba waƙa. Sunansa ya zagaye ƙasa, har ƙetare an kai shi wasa, amma ya mutu a gidan da ya gada, yana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan amshinsa. Akwai wani Alhaji Mudi, ɗan kwangilar da ya haƙa wa garin rijiyoyi a baki kawai, da ya taɓa aiko masa da sabuwar mota don ya wanke shi a waƙa. Cindo ya sa aka mayar masa da abarsa ko ledar kujera ba a cire ba, ya kuma bi ta da wata magana wadda har yau in 'yan amshi suka tuna sai su toshe baki da hula.

Ranar sadakar arba'in, Labaran, babban ɗan amshinsa, yana zaune a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Tun saurayi yake bayan Cindo, ga shi yanzu furfura ta cika masa gemu, kalangu a rataye, ba biki ba suna, iyali kuma ba su san an yi mutuwa ba in lokacin cefane ya yi. Kewar maigidansa ta dame shi, tunanin gobe ma bai bar shi ba.

Sai ga Alhaji Mudi, wanda yanzu yake neman kujerar ciyaman, da ɗan jaridar gidan rediyo a bayansa. Ya durƙusa kusa da Labaran ya yi ƙasa da murya.

"Malam Labaran, daga yau kai da yaranka kun dawo hannuna. Abin da zan faɗa kawai za ka gaskata."

Maganar gaskiya, zuciyar Labaran ta ɗan motsa, don ya daɗe bai ji an ce masa "kun dawo hannuna" ba.

Alhaji ya miƙe, ya karɓi makirufo, ya share idon da ba hawaye a ciki.

"Jama'a, na yi rashin amini. Ni da marigayi ba a jin kanmu. Kafin ya kwanta ciwo ma sai da ya tsara mini waƙa, Allah bai nufa ya rera ta ba. Ga Labaran nan, komai a kunnensa aka yi. Malam Labaran, ɗan ɗanɗana wa mutane ko baiti ɗaya."

Labaran ya dubi kalangun da ke rataye a zaure, ya dubi makirufon da aka kawo masa har baki, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan amshi ne, ban iya ƙirƙira ba. Abin da marigayi ya faɗa shi nake maimaitawa, ba ragi ba ƙari."

"Ai shi muke so," in ji Alhaji, yana murmushi.

"To, a kanka dai sau ɗaya na ji ya yi magana, ranar da ya mayar maka da mota. In fara, ko a kashe rediyon tukuna?"