Ranar da Manya Suka Ƙaddamar da Labarin Ajin Su Auta

Yau na rufe shago, na bar ƙofar wani bawan Allah a kan benci ban gama goge ta ba, na zura babbar riga na nufi makarantar su Auta, saboda an aiko cewa manya za su zo ƙaddamar da shiri. Na dawo da ciwon kai da yarinyar da ta ƙi cin abinci. Ku gyara zama ku ji irin alherin da aka yi mana.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, kuma tana da in'ina. Tun shigarta makaranta ba ta ɗaga hannu a aji, don kafin ta kai ƙarshen kalma yara sun kwashe da dariya. In an fita tara, ita kaɗai take zama a gindin taga. Abin yana ci mini rai, amma ni kafinta ne, ba ni da ƙusar da zan buga a wannan wuri.

Sai Allah ya kawo musu wata malama mai dabara. Ta ɗauki takarda ɗaya ta rubuta a sama cewa wani jaki ya gaji da dako ya gudu daga gida. Ta miƙa wa yaron gaba ya ƙara jimlarsa, shi ma ya miƙa wa na kusa, har takarda ta zagaye aji. Ba mai buɗe baki, alƙalami ke magana. Ashe Auta bakinta ne kawai ke sarƙewa, hannunta lafiya lau. Duk lokacin da labari ya yi sanyi, da ya iso gare ta sai ta jefa jakin cikin sabuwar rigima. Ita ta sa shi ya shiga motar haya ya nace sai kujerar gaba. Yara suka koma faɗan wa zai zauna kusa da ita. Har ƙawa ta yi, wata mai surutu kamar rediyo, da ke biyo mata kullum da safe.

Kuskuren malama ɗaya ne, ta ba da labarin a wani taron ƙara wa juna sani. Magana ta yi ta hawa har ta kai kunnen Mai Girma Uban Ilimin Zamani, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi. Kun san manyanmu. Ba sa ganin abu yana tafiya da ƙafarsa su ƙyale shi, sai sun kafa masa kwamiti, sun saya masa mota, sannan motar ta ɓace.

Da zan fita na wuce maƙwabcina mai faci.

"Baban Auta, ina zuwa da babbar riga ranar aiki?"

"Ƙaddamarwa."

"Me za a ƙaddamar?"

"Rubutun nan da yara suka daɗe suna yi."

"To, Allah ya jiƙan rubutu," in ji shi, ya ci gaba da neman huji a tayarsa.

Na ce masa ya cika mugun baki. Yanzu ina neman afuwarsa a bainar jama'a.

An kafa wa manya rumfa, mu iyaye aka kafa mana rana. Tun hantsi muke gasuwa, sai bayan azahar jiniya ta taso, da jerin motocin da ban taɓa ganin ko ɗayansu a layin mai ba. Mai Girma ya hau mumbari ya yi mana albishir cewa daga yau yaranmu za su riƙa rubutu tare a intanet, har da yaran ƙasashen waje. Muka tafa. Ni dai na san soket ɗin ajin su Auta, zanzaro ne ya gina gida a ciki, kuma ba wanda ya taɓa damunsa.

Aka raba wa yara kwamfutocin hannu a cikin ledojinsu, aka gargaɗe su kada su cire leda, kada su kunna, su dai ɗaga sama su yi murmushi. Jaki kuwa kwamitin da aka kafa wa shirin ya sallame shi, wai bai dace da martabar taro ba. Kwamitin ya zauna ya rubuta wa yara labarin haɗin gwiwarsu da kansa, duk jimla godiya ce ga Mai Girma, kowane yaro zai karanta tasa a lasifika.

Na ga malama ta lallaɓa wurin wani jami'i mai kati rataye a wuya.

"Ranka ya daɗe, yarinyar can a bar ta ta rubuta tata a allo. Magana a gaban mutane tana yi mata wuya."

"Malama, rubutu ba ya fita a bidiyo," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Layi ya zo kan Auta. Jimlarta ta fara da "muna godiya". Ta riƙe makirfo da hannu biyu, ta kama "mu", ta sake kamawa, ta sake, lasifika kuma na kai wa har bakin titi. Mai Girma ya duba agogo, ya karkato da murmushi ya ce, "Ko intanet ɗin ce ta fara yankewa?"

'Yan rumfa suka fashe da dariya, don dariyar babba aiki ce a wurinsu. Yara suka dubi manya, suka bi sahu. Har ƙawar nan na ga ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Na miƙe, wani mai kaki ya dafa ni ya ce in zauna ana ɗauka. Na zauna, jama'a, kuma ban taɓa jin takaici irin na wannan zaman ba.

Kafin mu kai ƙofa an tattara kwamfutoci an mayar cikin kwalaye, akwai wata makarantar da ke jiran a ɗauke ta hoto. Aka bar wa malama umarni cewa an daina zagaya takarda, tsohon yayi ne, a jira intanet.

Muna isowa gida Auta ta shige ɗaki. Da la'asar ƙawarta ta zo ta yi ta sallama, ta ƙi fitowa. Uwarta ce ta gaya mini wai ta ce gobe ba za ta makaranta ba, jibi ma haka. Na zauna bakin ƙofar ɗakin ina lallashi, na rasa da wane baki zan ce mata ba za a sake ba.

Ɗazu na ji a rediyo ana cewa shirin ya yi gagarumar nasara wajen haɗa kan ɗalibai. Ba zan ƙaryata ba, na gani da idona. Malama ta yi zango guda tana fama kafin ajin nan ya daina yi wa 'yata dariya, Mai Girma ya dawo da dariyar da jimla ɗaya, yana zaune a inuwa. Kada in ƙara jin wani ya ce manyanmu ba su da saurin aiki.