Takalmanmu Sun Riga Mu Shiga Layi

Jama'a, yau da hantsi na ƙirga 'ya'yana a tsakiyar birnin mutane, na samu uku. Huɗu na zo da su. Na sake ƙirgawa daga hagu, uku. Na ƙirga daga dama har na haɗa da wani yaro da ba nawa ba don dai adadi ya cika, uwarsa ta harare ni ta ja abinta. Auta ce babu, 'yar shekara shida, wadda kakarta ta riƙe hannuna a filin jirgi ta ce, "Ka ga wannan? In ka dawo babu ita, kai ma ka zauna can."

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ce na fara muku labari daga tsakiya. Ni tela ne, kun sani. Ƙanin matata da ke aiki a wannan ƙasa shi ya gayyace mu hutun mako biyu. Ranar da muka je karɓar takardun tafiya aka miƙo mana wani ɗan littafi mai sheƙi, wai shi "Hanyoyin Rage Wahalar Tafiya da Yara a Biranen Waje". Kwamiti guda ne ya rubuta shi, bayan ya zagaya ƙasashe tara da iyalansa don ya ɗanɗano mana wahalar da kansa. Allah sarki, bayin Allah, sun sha hidima! Shafi goma sha biyu ne, bakwai daga ciki hotunan Mai Girma Shugaban Kwamiti: a nan yana murmushi, a can yana nuna sama da yatsa, a gaba yana gaisawa da wani da aka yanke masa rabin fuska.

Na kai wa maƙwabcina Mai Faci ya taya ni nazari. A layin mai na same shi, yana tura babur ɗinsa tun asuba.

Ya buɗe ya karanta da ƙarfi: "Shawara ta ɗaya, a tabbata kowane yaro yana tare da mai renonsa." Ya ɗago ya dube ni. "Masu reno nawa gare ka, mutumina?"

"Ni da uwarsu," na ce.

"To yara huɗu, saura muku biyu. Shawara ta biyu, a umarci direba ya jira a bakin ƙofa. Ta uku, a guji tsayuwa a layi, a tura hadimi ya tsaya." Ya rufe littafin, ya yi fifita da shi. "Wallahi takardar tana da kyau, iskarta har da sanyi."

To da wannan ilimi mai zurfi muka sauka. Direbanmu ƙafa, hadimanmu mu da kanmu. Kuma saboda kada a raina mu a ƙasar mutane, uwar yara ta saya wa kowa sabon takalmi, har da ni. Jama'a, in kuna son shawarar da kwamiti bai rubuta ba, ga ta kyauta: kada ku yarda ku shiga birnin da ake yawo da ƙafa da sabon takalmi. Tun safe muke tafe, mun hau jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, mun hau matattakala mai tafiya da kanta sau biyar saboda 'yan biyunmu sun rantse sai sun ga inda take shigewa. Kafin hantsi kowa yana ɗingishi. Muka samu benci a wani babban fili, muka zube, muka tuɓe takalma duka mu shida, muka jera su a gefe. Na lumshe ido na ce, "Kai, wannan shi ne rage wahala." Minti uku ban ƙara ba.

Da na buɗe ido, ba Auta.

Ba zan ɓoye muku ba, na ruɗe. Na miƙe da safa na yi gabas, na yi yamma, ina kwala kira, tantabaru suna tashi. Na tari wani mai gadi da kayan sarki, ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Na nuna masa tsayinta da hannu, na yi masa kitso biyu a kaina da yatsu, na kwaikwayi tafiyarta. Bawan Allah ya yi murmushi, ya tafa mini, ya nuna mini wajen da masu wasa suke tsayawa. Na ciro littafin kwamiti, ina neman shafin abin da ake yi in yaro ya ɓata. Sai Mai Girma yana nuna sama da yatsa. Na duba saman, babu ita.

Na dawo benci ina haki, idona ya cika. Uwar yara kuwa ba fili take kallo ba, ƙasa take kallo.

"Baban Auta, ina takalmanmu?"

"Ke, 'ya ta ɓata kina zancen takalmi?"

"Duka babu?"

"Duka!"

Sai ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara mayafinta. "To ba ɓata ta yi ba. Nemo mana layi. Wanda ya fi kowanne tsawo."

Nan take kaina ya waye. A gidanmu, tun yaro yana rarrafe muke koya masa doka ɗaya: in ka ga layi, ka kama, ka tambayi na mene ne daga baya. In kai kaɗai ne, ka ajiye wa kowa takalminsa ya tsaya masa. Da haka muke samun mai, da haka muke samun ruwa, da haka na taɓa samun allurar da ban san ta mece ce ba.

Can ƙarshen filin akwai wani ƙaton lilo mai juyawa kamar tayar keke, layinsa ya yi kwana biyu ya lanƙwasa. Muka ruga ba takalmi. Ga Auta a tsakiya, ta jera takalma a bayanta daga ƙarami zuwa babba, nawa a ƙarshe. Layi na matsawa, tana sunkuyawa tana matsar da su ɗaya bayan ɗaya, mutanen garin kuma suna jira cikin ladabi a bayan takalmina. Hannunta ɗaya kuwa ya damƙe gefen kwat ɗin wani ƙaton mutum da ya yi gumi sharkaf, ɗauke da yaro mai tsala ihu a kafaɗa.

"Baba, ka koma baya," take ce masa. "Nan wurin babana ne. Ba ka ga takalminsa ba?"

Na dubi fuskar mutumin, na dubi littafin da ke hannuna. Shafi na uku ne, sai dai babu murmushin. Mai Girma da kansa! Ba jiniya, ba direba, ba hadimi. Ya zo ya kutsa kamar yadda ya saba, 'yar tela ta taka masa birki.

Na ɗauke ta na ƙanƙame, ina dariya hawaye na zuba. Ta shafa fuskata ta ce, "Baba, ba kai ka ce in na ga layi in kama ba? Na ma samu wuri mai kyau." Na daina dariya. Shekararta shida, ba ta gama iya rubuta sunanta ba, amma ta iya tsare wa mutum shida wuri a ƙasar da ba ta jin yarenta. Na yi alfahari, na kuma ji kunya, duk a lokaci guda.

Mai Girma ya koma bayan takalmina ya tsaya, yana jijjiga ɗansa. Da ya ji ni ma ina Hausa sai ya matso. "Malam, ashe na gida ne. Don Allah yaya kake yi yaranka suke tsayuwa shiru haka? Nawa minti biyar ya gagare shi."

"Ranka ya daɗe," na ce, na ɗan rusuna, "ai aikinku ne. Ku kuka horar mana da su."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ciro biro ya rubuta, ya ce zai sa a bugu na biyu.

Mun hau lilon, mun ga birnin daga sama, Auta tana kan cinyata ban sake ta ba ko sau ɗaya. Da muka sauko na kira Mai Faci, domin kafin mu taso na bar tsohon silifas ɗina a layin mai na ce ya riƙa matsar mini da shi. Ya ce in kwantar da hankalina in ci hutuna, tun tafiyarmu silifas ɗin ya ci gaba da taku huɗu.